Ɗakin Kaka Mai Gajeriyar Ƙofa

Tun da aka shimfiɗa kwalta a bayan katangarmu gidan nan ya rasa sukuni. Da can nan ne bayan gida, inda awaki ke kwana, yanzu ya koma gaba, kowa ya fasa katangarsa ya fitar da butik, wato shago. Mu ma an zo kanmu. Ɗana na fari, mai sunan Baba, ya auna ya sake aunawa, ya gano abin da ya tare masa hanya shi ne ɗakin Kaka, ɗan zagayayyen ɗakin ƙasan nan na kusurwa mai gajeriyar ƙofa. Ya ce a rushe shi a gina shago na siminti a sa haya, in samu abin hutawa. Ya ce bangon ya tsage, wata damina zai rufto mini a ka. Ban ce ƙarya yake yi ba, bango kam ya tsage. Amma na ce a'a, kuma tun ranar ake kallona a gidan nan kamar wadda tsufa ya fara taɓa wa kai. To bari in faɗi abin da ke cikin ɗakin, tunda masu ido biyu sun leƙa sun ce babu komai sai tabarma da murhun gawayi.

Garin Garwa da na tashi a cikinsa da kunne ake saninsa. Da asuba kiran salla, sai ƙarar guga a rijiya, sai lugude daga gida zuwa gida, har kana iya cewa wance ce ke daka, don kowace mace da irin saukar taɓaryarta. In kogin Binuwai ya cika ya batse sai a ji kukan jirgin ruwa daga nesa, yara su kwasa a guje zuwa gaɓa, iyayenmu maza su hau gyara riguna don kaya sun iso. Kakanninmu fatake ne, daga arewacin Najeriya suka gangaro da goro da tufafi suka zauna cikin Fulani, shi ya sa a waje Fulatanci muke yi, a lekkol, wato makaranta, Faransanci, in an shigo gida a ajiye su duka a zaure a ɗauki Hausa. Yanzu ban da kukan moto, wato babur, ba ka jin komai. Jikokina a tsaye suke shan shayi, a kofin roba, hannu ɗaya riƙe da waya, in an yi suna a aika a sayo gato, kek ɗin nan mai farin mai a ka, wanda ba a san hannun da ya kwaɓa shi ba. Ban hana kowa cin gatonsa ba, amma kada a ce mini shi ne ci gaba.

A hannun Goggo na girma, yayar Baba, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ta kama sana'ar kayan gara. Alkakinta da nakiyarta har daga garuruwan Gidar da Mayo-Ulo ake aikowa a yi. Ni ce hannun damanta tun ina budurwa, ni ke soya shinkafar nakiya, ni ke tsaye kan turmi ana zuba zuma da man shanu har sai ta kama jikinta ta yi sheƙi. Goggo mace ce mai zafin kai da zafin nama, ba ta tambayar kowa shawara, in ta so ka kuwa sai ta shaƙe ka da alheri ko kana so ko ba ka so. Maganar da ta fi yawan yi ita ce, sukari ba ya ɓata abu, rashinsa ne ke ɓatawa. Ta kan ce gidan da aka ba baƙo shayi salam an yi masa kora da hali. In ta haɗa wa mutum shayi, cokali yana iya tsayawa a ciki.

Ana nan sai Baba ya ba wasu baƙi hayar sashen da ke kusa da zaure, mata da miji, mutanen Japan. Mijin nazarin shanu yake yi, sai ya bi Fulani rugage wajen Poli ya daɗe bai dawo ba, matar ta zauna tare da mu. Unguwa ta sa mata suna Madam Japan, mu a gida Madam kawai muke cewa. 'Yar ƙarama ce, marar hayaniya, kowa ta gani sai ta rusuna masa, har muna tsokanar cewa bunsurun gidanmu ma yana samun gaisuwarsa. Fulatancinta kaɗan ne, in ta maƙale sai ta yi murmushi ta ce “seɗɗa seɗɗa”, wato a bi ta a hankali. Ranar da ta same mu muna dakan nakiya ta tsaya ta ƙura wa turmin ido, sannan ta nuna ƙirjinta ta ce su ma haka suke daka shinkafa a garinsu in shekara ta zagayo. Ta karɓi taɓarya ta gwada, ta kusa fasa wa Goggo ƙafa. Daga ranar muka shaƙu da ita.

Ita ce ta roƙi Baba ɗakin Kaka. Tun rasuwar tsohuwar ya zama wurin zuba fasassun tukwane, kunyarsa ma muke ji in baƙi sun shigo, don ƙofarsa ba ta wuce ƙugun babban mutum ba. Madam ta share shi ta goge daɓen, ta shimfiɗa tabarma, ba ta ƙara komai ba. Na tambaye ta me ta gani a wannan kurkukun. Ta ce ƙofar. Da Fulatanci da hannu ta fahimtar da ni cewa a ƙasarsu akwai ɗakin da ake ginawa don shan shayi kawai, da gangan ake gajarta ƙofarsa, domin sarki da bara duk da sunkuyayyen kai za su shiga, mai takobi ma a waje zai jingine takobinsa. Ta ce mahaifiyarta ce ta koya mata wannan shan shayin. Na yi dariya a lokacin, don ban ga abin koyo a shan shayi ba.

Wata rana da hantsi, damina ta ja baya bado ya rufe tafkunan gaɓar kogi, aka kawo mata takardar waya daga gidan waya cewa mahaifiyarta ta rasu. Mijin yana daji, hanya kuma ba ta zuwa yau a dawo gobe ba ce. Matan unguwa suka cika sashenta suna jiran ta fasa kuka a riƙe ta, ba ta yi ba. Ta zauna tana rusuna wa duk wanda ya shigo, idonta a bushe. Goggo ta ce, “Wannan yarinya cikinta zai kashe ta.” Bayan an watse sai Madam ta kira ni ta nuna mini wani ɗan gwangwani da ta ɓoye cikin kayanta. Kore ne garin da ke ciki, sai ka rantse garin kuka ne, kuma saura ɗan kaɗan a gindi. Ta ce ganyen shayi ne da aka niƙa, mahaifiyarta ce ta cusa mata shi a akwati ranar tahowa. Tana so ta yi zaman shayin nan a ɗakin Kaka domin uwarta, da Baba da Goggo da ni. Ta ce yana da ɗaci ƙwarai, kuma ɗacin take so, don in ta ji shi a harshe kamar hannun uwarta ne ya miƙo mata.

Amma kafin shayi sai an yi abin zaƙi, kuma a nan aka fara rigima, don da wake za a yi. Goggo ta riƙe haɓa ta ce wake na gishiri da barkono ne, wanda ya haɗa shi da sukari ya nemi ciwon ciki. Duk da haka ta ba mu farin wake mai kyau, ta zauna daga gefe tana kallo tana tsaki. Muka jiƙa shi muka surfe kamar za a yi alale, muka dafa muka zubar da ruwan farko, muka sake dafawa har ya narke. Madam ta sa na murza shi a rariyar laushi, aka wanke a ruwa aka bari ya kwanta, aka tsiyaye, aka sake, har warin wake ya bar shi. Sannan muka matse shi a farin ƙyalle, ta ɗora a wuta marar ƙarfi da sukari tana juyawa a hankali kamar mai lallashin jariri. Ta kwaɓa ɗan garin shinkafa ta dafa ya yi danƙo, ta haɗa su ta murza, abin ya zama sumul kamar kunnen yaro. Ta ɗiga ruwan folere, wato zoɓo, a wani ɓangare ya yi ja-ja, wani ta taɓa masa gangamau ya yi rawaya. Ta ce abin zaƙinsu lokaci yake bi, abin da ke fure a waje shi za a ga a faranti, ta tambaye ni me ke fure yanzu. Na ce bado. Sai ta ɗauki curi ɗaya da bai fi ƙwan zabo ba, ta sa sillen kara tana tsaga gefensa tana juyawa a tafin hannu, kafin in ƙifta ido ga furen bado a hannunta, da rawayan tsakiyarsa. Nawa na farko ya fito kamar kashin rago, ta yi dariya, dariyarta ta farko tun zuwan wayar. Goggo ta taso ta leƙa ta ce, “Duk wannan wahala a kan loma ɗaya?” Amma ba ta koma wurin zamanta ba.

Ranar zaman, bayan la'asar, Baba ya iso bakin ɗakin cikin babbar riga da doguwar hula, ya dubi ƙofar ya ja ya tsaya.

“Ni fa ban saba sunkuya wa kowa ba sai Mahaliccina,” in ji shi.

Goggo ta ce, “Ƙofar ɗakin uwarka ce, Alhaji. Da rarrafe ka fara shigarta.”

Ya tuɓe takalmi, ya cire hular ya miƙo mini, ya tattare riga ya duƙa ya shiga. Ban taɓa ganin tsakiyar kan Baba ba sai ranar. Muka yi zaman tahiya a jere, shi a gaba. Tukunyar ƙarfe na kan gawayi tana wani ɗan kuka siriri, haske na shigowa ta ƙofa ya kwanta a daɓe, daga nesa ana jin wata tana daka. Madam ta ɗauki ƙyalle ta ninke ta goge gwangwanin, ta goge ɗan cokalin gora, ta ɗauraye kwanon, kowane abu sai ta ɗauke shi da hannu biyu kamar mai rai. Ta ajiye wa kowa furen badonsa ta ce a fara ci, zaƙi ne ke share wa ɗaci hanya. Baba ya juya nasa ya juya, kamar yana jin tausayin ɓata shi, sannan ya ci. Ta ɗebi garin ta zuba, ta kwarara ruwan zafi da ludayin gora, ta kaɗa da wani ɗan maburgi mai tsinkaye har kumfa kore ta taso. Ta nuna wa Baba ya juya kwanon a tafinsa kafin ya sha, don kada ya kafa baki a fuskar kwanon, girmamawa ce ga mai shi. Ya juya, ya yi bisimilla, ya kurɓa.

“A'a,” ya ce, “ashe tsorata mu aka yi. Ai da zaƙinsa.”

Madam ta dube ni in fassara. Na fassara, na ga ta ɗan tsuke gira. Goggo ta sha nata tana gyaɗa kai. Da nawa ya zo na kurɓa, nan take na gane wannan zaƙin, na san hannun da ke yin sa. Sai Madam ta kife gwangwanin ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta kankare ɗan abin da ya rage ta kaɗa wa kanta. Ta juya kwanon, ta rufe ido, ta kurɓa sau ɗaya. Ta tsaya cak.

Goggo ta gyara zama ta ce, “Ni ce. Da kika fita ɗauko faranti na jefa sukari a tukunyar. Mai makoki ba ta shan ɗaci a gidanmu, wanda ke cikinta ya ishe ta.”

Ban so fassarawa ba, amma ba ta buƙaci fassara ba. Ta dubi gwangwanin da ya zama wayam, ta dubi kwanon. Sannan ta ɗaga shi ta shanye har kurɓin ƙarshe, ta goge bakinsa da yatsa, ta ajiye, ta dafa tabarma da hannu biyu ta sunkuya wa Goggo har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, ta ce, “Useko, Goggo.” Godiya ta yi mata. Da ta ɗago hawaye na zuba, ba sauti. Goggo ta zungure ni ta ce a hankali, “Kin gani ko, ta samu ta yi kukan.” Ni kuwa na san abin da ta rasa. Sau ɗaya tak ya rage mata ta ji ɗanɗanon hannun uwarta, aka zuba masa sukari saboda ƙauna.

Da muka koma madafa na faɗa wa Goggo komai, ban rage ba, karon farko da na taɓa ɗaga mata murya. Na zaci mari ne zai biyo baya, sai ta ce, “Wa ya tambaye ki?” Goggo ba ta taɓa ba wa ɗan Adam haƙuri da baki ba, kuma ba ta fara a kan Madam ba. Sai dai washegari na gan ta a gindin zogale tana tsinkar ƙananan ganye zalla. Ta shanya su a inuwa don kada koren ya gudu, ta daka, ta tankaɗe, ta sake tacewa a bakin mayafinta har garin ya yi laushin kwalli. Ta ajiye aikin gara na mutane tana wannan. Ta cika gwangwanin nan da shi ta dangwarar a gaban Madam ta ce, “Ga ɗacinki. Ban sa komai ba.” Muka sake shiga ɗakin Kaka mu uku. Madam ta kaɗa ta sha, ta yamutsa fuska, ta ce ba shi ba ne, ko kusa ba shi ba ne, amma na nan ne, kuma za ta karɓa. Goggo ta shanye nata kwanon ba sukari, tana sha tana la'antar ɗacin, kuma ba ta rage ko ɗigo ba.

Baƙo raɓa ne. Da aikin mijin ya ƙare suka tafi, ta tattara kwanonta da maburginta, don na uwarta ne, ba ta bar mana komai ba sai yadda ake yi. Ban sake jin labarinta ba. Da aka zo rabon gado bayan Baba na ce a sa ɗakin Kaka a rabona, 'yan'uwana maza suka yi ta dariya. Da ɗan kasko na maginan tukwane da ƙaramin maburgin da aka sassaƙa mini nake yi har yau. Ranar da na binne 'yata ta biyu nan na shiga, ranar da na fita takaba nan na shiga, in ci loma ɗaya ta zaƙi, in sha ɗacina a zaune ba wanda ya gyara mini shi. A duk gidan nan shi ne wuri ɗaya da ba a shiga da takalmi, ba a shiga da waya, ba a shiga da girman kai. Baba babu, Goggo babu, jiragen ruwa sun daina zuwa, masu lugude sun koma inji. Ɗakin nan kaɗai ya rage da ya ga abin da na gani.

Jiya na aika a kira mini mai sunan Baba. Ya zo daga biro, wato ofis, da takalmansa masu ƙyalli, ya tsaya a bakin ƙofa kamar yadda kakansa ya tsaya, ya ce, “Dada, ki fito mu yi magana mana.” Na ce maganar a ciki take. Ya tuɓe, ya duƙa, ya shigo yana nishi, don tumbi ya fara zama masa kaya. Na ajiye masa furen bado, hannuna yana rawa yanzu amma har yau ba ya fitowa kamar kashin rago. Ya ci. Na kaɗa masa zogale ya kurɓa ya runtse ido, ya waiga yana neman gwangwanin sukari. Na ce babu. Sannan na ba shi labarin nan tun daga farko, bai katse ni ba, na yaba masa da wannan.

Da na gama ya ce, “Dada, ni fa don ke nake yi. Tsoro nake ji ya faɗo miki.”

“Na sani,” na ce. “Goggo ma don ita ta yi.”

Ya sunkuyar da kai.

Na ce, “Tunda kake auna ɗakin nan, ka taɓa tambayata abin da nake so? Bango in ya tsage yaɓe ake masa, haka aka yi masa tun kafin a haifi ubanka. Madam baƙuwa ce, shi ya sa ta shanye ta ce useko. Ni a gidan ubana nake. Ba zan sha ba, kuma ba zan gode ba.”

Ya daɗe yana kallon tsagar bangon, sannan ya ce ai ya riga ya yi magana da magini, jibi zai zo da ma'aikatansa, bai san yadda zai janye ba. Na ce kada ya janye komai, ya bar shi ya zo. Ya gaya masa dai ya tuɓe takalmi a waje, ya jingine digarsa a jikin bango, ya sunkuya ya shigo, zai same ni a ciki, don na riga na sa an kwaso mini shimfiɗata. In ya ci ya sha ya ga zai iya ɗaga diga a kaina, bisimilla.

Gobe ne zai zo. Na jiƙa wake.